Aka Ce Mahaifinta Ya Taso

Na sha wahala a duniya, amma ban taɓa shan irin ta ranar da sakandaren garinmu ta karrama tsofaffin ɗalibanta ba. Ruwa ya sha cinye mini gona. Na taɓa wuni a kan jinga ina jera buhunan yashi har fatar ƙafata ta saɓule. Duk wannan da sauƙi, don ka san abin da ake so ka yi. Ranar nan kuwa daga tsayuwa sai 'yar tafiyar da ba ta fi daga ƙofar gida zuwa rijiya ba, amma na koma gida kamar wanda aka yi wa duka. Kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.

Ni ba ɗan boko ba ne. Firamare na shiga, ita ma ban ƙarasa ba. Shinkafa nake nomawa a fadama ta wajen Auyo, in kogi ya kawo in sa koma in kama kifi. Ba abin da ya haɗa ni da taron masu karatu. Yarinyar nan ce ta kai ni.

Yarinyar nan nake ce mata tun tana cikin tsumma, ga shi yanzu ita ma tana da nata 'ya'yan. Ita ce ta fari a wurina. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa. Ubana bai taɓa kiran sunan Yaya, 'yarsa ta fari, ba har ya koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya sonta. Ga shi kuma sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, kunya ta zama biyu. Da aka yaye ta, Yaya ta zo ta goye ta ta tafi da ita gidanta cikin gari, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Can ta tashi. Yaya take kira Inna, mijin Yaya take kira Baba. Ni kuma tunda ƙanen Innarta ne, sai na zama Kawu. Ba a ɓoye mata komai ba, ta san wanda ya haife ta. Haka dai baki ya saba.

Lokacin tana makarantar, duk ranar kasuwa nakan kai wa Yaya kifi. Yarinyar ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ce, “Kawu, sannu da zuwa.” In ce yauwa ina kallon katanga. In ta fita sai in tambayi Yaya, “Yaran nan suna karatu kuwa?” Alhali yarinya ɗaya ce a gidan. Yaya ta yi dariya ta ce, “Yaran nan su suka zo na ɗaya.” In ce to madalla, in ɗauki kwandona.

Ta yi karatu har ta wuce inda hankalina ke iya bi. An ce aikinta duba sama da kogi, ta faɗi ko ruwa zai yi yawa bana. Ni dai na san gaibu sai Allah, amma ban ce mata komai ba. Mijin Yaya ya rasu, Yaya ta bi shi. Daga nan ta fara kirana a waya kai tsaye, mu gaisa a taƙaice. Ko da bazarar bana ta kira ta ce kada in dasa a gonar bakin kwana, inda kogi ya lanƙwasa, wai jingar wurin ba za ta riƙe ba. Na ce to. Na je na zuba irina a can ɗin, don can na saba zubawa.

Ana sauran 'yan kwanaki babbar salla, ina cikin fadama, waya ta yi ƙara. Na ɗauka.

“Baba,” in ji ta.

Na cire wayar daga kunne na dube ta. Muryarta ce.

“Wa kike nema?”

“Kai nake nema.”

Ta ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta yi taro bayan salla, za a ba wasu lambar yabo, har da ita. Kowa mahaifinsa ne zai hau ya miƙa masa.

“Inna ba ta nan, Baban cikin gari ba ya nan. Kai ka rage. Ina so ka miƙa mini da hannunka.”

“Ai baffanki na nan.”

“Ba Baffa na ce ba.”

“To, Allah ya kai mu.”

“Ka yi alkawari?”

“Na ce Allah ya kai mu.”

Na koma gida wannan “Baba” na yi mini kaikayi a kunne. Na faɗa wa uwarta. Ta saki muciya ta rufe baki da gefen zane.

“A gaban mutane? Da lasifika? Malam, da tsufanka za ka zubar da kunya?”

Ita ko ƙofar makarantar ta ce ba za ta leƙa ba.

Na zauna na auna. Na tuna ɗaurin aurenta. Ƙanena ne ya zama waliyyi, shi ya ba da ita, ni kuwa ina zauren maƙwabci har aka shafa fatiha. Ba wanda ya ga aibu, ita ma ba ta ga ba. To aure ma ke nan, da ya fi kowace lamba girma. Sai na ga ai abin a bayyane yake: zuwa ta ce in zo, zan zo, hawa kuma ƙanena ya hau. Hannunsa ai hannuna ne. Na ɗauko babbar rigata ta salla na kai masa shagonsa. Shi tela ne, mutum ne mai son taro da magana. Ya ɗaga rigar ya duba aikin wuyanta ya ce, “Malam, ka bar mini wannan. Har jawabi zan yi.”

Ranar taro na isa da hantsi. An kakkafa rumfuna a filin makaranta, kujerun roba reras, gaba kuma kujerun kushin da aka aro daga gidajen mutane. Janareto na ta ruri. Motoci irin waɗanda ba mu saba gani ba sun cika bakin ƙofa. Na kafe babur ɗina cikin na 'yan acaba, na tsaya gindin wata bishiyar maina a can baya. Rigar da nake zuwa kasuwa da ita ce a jikina. Daga nan ina hango ƙanena a layin gaba, yana ta gyara hannun rigata.

Ina tsaye sai ga Tica. Tsohon malamin lissafi ne na makarantar, Kirista, mutumin kudancin Kaduna. Da ƙuruciyarsa aiki ya kawo shi, har ya yi ritaya bai koma ba, Hausarsa ma ta zama irin tamu ta Haɗeja. Shekara da shekaru ni nake kai masa tarwaɗa.

“Mai kifi! Yau ba kwando?”

“Yau kifi na hutu, Tica.”

“Ka zo ganin 'yar yayarka ke nan. Kai, yarinyar nan! Ni na koya mata lissafi, daga baya ita take kama ni in na yi kuskure a allo.”

Na dubi ƙasa na ce, “Kallo dai na zo.”

Shi ma ɗansa na cikin waɗanda za a karrama, injiniya ne. Ya wuce ya zauna.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai, rabi da Turanci. Ban fahimci da yawa ba. Aka fara kiran mutane. Wani likita, wani alƙali, wata da aka ce tana koyarwa a jami'a. Wasu iyayensu suka hau, wasu yayyensu. Da aka zo kan ɗan Tica, tsohon nan ya hau da sauri kamar yaro. Ya rungume ƙaton mutum mai gemu, ya yi ta kiran sunansa a lasifika yana kuka, ya kama hannunsa ya ɗaga sama kamar ɗan damben da ya yi kisa. Na kau da kai, don kunya ta kama ni a madadinsa. Amma na sake juyowa na duba. Ban san me ya sa ba.

Da ya sauko bai koma kujerarsa ba, ya zagayo gindin mainar ya sayi ruwan leda yana wanke fuska. Yana gefena aka kira ta.

Mai gabatarwa ya daɗe yana zuba Turanci, sannan ya juya Hausa. Ya ce saboda aikin irin nata ne ake sanar da mutanen bakin kogi kafin ruwa ya iso su. Sai ya faɗi sunan. Sunan mahaifiyata, a lasifika, ya daki bangon azuzuwa ya dawo. Ta taso cikin shuɗin mayafi ta hau. Ya ce, “Mahaifinta ya taso.”

Ƙanena ya miƙe, ya saɓa riga, ya hau yana ɗaga wa mutane hannu. Na ji hankalina ya kwanta. Komai ya tafi yadda na tsara.

Ita kuwa ta dube shi, ta dubi rigar, sannan ta fara bin taron da ido, layi layi, har baya. Ta miƙa hannu ta karɓi abin magana daga mai gabatarwa.

“Wannan baffana ne, Allah ya saka masa da alheri. Amma mahaifina aka kira. Ga shi can gindin maina, kusa da Tica.”

Taron gaba ɗaya ya waiwayo. Ni ma na waiwaya bayana. Ba kowa sai babura da wata akuya tana cin leda.

Tica ya saki ruwan hannunsa.

“Kai? Kai ne ubanta?”

Ya matso kusa da ni.

“Shekara nawa ina cin kifinka, ba ka taɓa faɗa mini ba!”

“Ba ka tambaya ba.”

“Na tambaya mana! Ka ce 'yar yayarka ce.”

“To ƙarya na yi?”

Bai tsaya musu ba, ya damƙi hannuna ya ja ni. Tsoho ne, da na fizge da na ƙwace, amma a gaban mutane ba ka fizge wa malami hannu. Ya kai ni tsakiyar fili ya sake ni. Gaba rumfa, baya babur. Na tsaya. Silifas ɗina duk busasshen taɓo. Wasu suka fara tafi. Tafin nan ne ya tura ni gaba, kamar yadda ruwa ke tura kwalekwalen da ba mai tuƙi.

Na hau. Aka ɗora mini lambar a hannu, wani katako ne mai nauyi da gilashi a fuskarsa, da rubutun da ba na iya karantawa. Mai gabatarwa, yaro ne sa'an ƙannenta, ya kawo abin magana daidai bakina yana murmushi.

“Baba, kira sunan 'yarka ka sa mata albarka, duniya ta ji.”

Tana tsaye a gabana, tana kallona cikin ido. Ba ta taɓa yi mini haka ba, ni ma ban taɓa duban fuskarta sosai ba sai ranar. Goshin mahaifiyata ne sak. Ta riga ta ɗan miƙo hannuwanta biyu.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan, na san shi kafin in san nawa. Amma harshena ya ƙi ɗaukarsa. Abin da ya fito shi ne, “Allah ya jiƙan Yaya. Ita ta yi wahalar.”

Sannan na juya na miƙa wa ƙanena katakon, shi kuma ya miƙa mata.

Rumfar dattawa ta ɗauka da amin. Wani ya ce madalla da ƙarfi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Yarinyar nan ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna wa baffanta, ta sauka. Ba ta ƙara duban inda nake ba. An ɗauki hoto, an ce a ciki ƙasa nake kallo.

Daga nan kowa ya ba ni nasa hukuncin. Kafin in kai ga babur wani dattijo da ban sani ba ya riƙe hannuna ya ce, “Haka muka gada. Yanzu irinku sun yi ƙaranci.” Ina sakin hannunsa sai ga Tica.

“Mai kifi, ka kwafsa.”

“Da na yi me?”

“Ta nuna ka a gaban duniya, kai kuma ka tura ta ga wani.”

“Ba wani ba ne, ƙanena ne.”

“Ita ba 'yarka ba ce?”

“Ai shi ya sa.”

“Shi ya sa me?”

Na nemi yadda zan yi masa bayani na rasa. Abu ne da ban taɓa jin an yi bayaninsa ba, yi kawai ake yi. Ya girgiza kai ya ce ranar kasuwa in kawo masa tarwaɗa manya, don na sa shi jin kunya, ya koyar da yarinya shekaru bai san ubanta ke kawo masa kifi ba.

Ƙanena ya iske ni a hanya, fuska a murtuke. Ya ce an tsinka shi a gaban jama'a, ko jawabin da ya shirya ba a bar shi ya yi ba. “'Yan boko ke nan, Malam. Ka rena musu, su rena ka.” Ya ce zai aiko da rigar in an wanke.

A gida labari ya riga ni. Uwarta ko sannu ba ta yi mini ba.

“Me ya kai ka tsakar fili tun farko? Da ta nuna ka ai sai ka hau babur ka taho. Yanzu gari duk an ji.”

To ka ji. Ɗaya ya ce na yi daidai, ɗaya ya ce na gaza, ɗaya ta ce na wuce gona da iri. Kuma duk mutanen kirki ne. Na zauna a ƙofar gida da buta, ban yi alwala ba, ban ajiye ta ba.

Bayan la'asar mota ta tsaya a bakin layinmu. Ita ce. Ta shiga ciki ta gaida uwarta, na ji uwar tana amsawa daga ɗaki kamar yadda ta saba. Ta fito ta durƙusa nesa da ni, kanta a ƙasa.

“Kawu, sannu da gida.”

Na ce yauwa.

“Gobe da safe zan koma. Na ce in yi sallama.”

“Allah ya kiyaye hanya.”

“Amin, Kawu.”

Ta tashi ta tafi. Ba fushi a muryarta, ba komai. Ladabi ne cikakke, irin wanda Yaya ta koya mata.

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Tunda ta ce mini Baba a waya ban sami sukuni ba, ji nake kamar an sa mini hular wani. Ga shi ta cire mini ita, ta mayar da ni inda na saba, ya kamata in ji daɗi. Sai na ji kaina tsirara. Kuma na san halinta, halin mahaifiyata ne: in ta roƙi abu sau ɗaya aka hana ta, ba ta ƙara roƙo.

Na tuna wata rana bayan rasuwar ubanmu, muna zaune da Yaya tana tsince shinkafa. Ta ce, “Ka san tsohon nan har ya tafi ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinsa ba?” Ta yi dariya, ni ma na yi. A lokacin na ɗauka abin dariya take ba ni. Da yammar nan na yi ta juya maganar, ban gano ko dariyar ce ko ba ita ba ce. Wadda zan tambaya kuma tana ƙasa.

Washegari ina idar da sallar asuba na tada babur na nufi cikin gari, tsohon gidan Yaya, inda take sauka. Na tarar direba na sa kaya a mota. Tana tsaye a ƙofa. Ta gan ni za ta durƙusa, ban jira ba.

“Ke. Wace gona kika ce ruwa zai ci?”

“Ta bakin kwana, Kawu. Ai na faɗa maka tun bazara.”

“A waya ban gane ba. Zo ki nuna mini.”

“Tafiya zan yi.”

“Rana ba ta yi ba.”

Ta ɗan tsaya tana kallon jakar hannunta. Sannan ta shiga motar ta ce wa direba ya bi ni.

Ina gaba suna biye har inda hanya ta ƙare. Ta fito, ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta hau jinga. Tana gaba ina baya. Maƙwabcin gonata ya riga mu fitowa, ya tada injin ban ruwa yana shayar da irinsa. Mutum ne mai nauyin kunne, ga ƙarar inji. Ya hango mu ya ɗaga murya.

“Malam! Baƙuwa ka yi? Mutanen gwamnati ne?”

Akwai wasu manoma biyu can gefe, su ma sun ɗago. 

“'Yata ce,” na ce.

Ya kama kunne. “Wa?”

Dole na buɗe maƙogwaro, yadda nake kiran mai kwalekwale daga tsallake.

“'Yata ce! Ta fari!”

Ya saki baki yana kallona. Ita kuwa ta tsaya cak a kan jingar, bayanta gare ni. Ba ta waiwayo ba. Can ta ci gaba da tafiya har bakin kwanar, ta tsuguna, ta nuna wasu ramukan gafiya a gindin jingar da inda ƙasa ta fara zaizayewa.

“Nan zai fashe,” ta ce.

Ba ta ce Kawu ba, ba ta ce Baba ba. Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta miƙe, ta karkaɗe mayafi, ta ce rana na yi, ta bi jinga ta koma wajen mota da takalmanta a hannu.

Na tsaya har ƙurar motar ta kwanta. Sannan na tuɓe riga na rataye a kan babur, na naɗe wando, na shiga cikin irin na fara tumɓukewa ina ɗaurewa dami dami, ina kai wa gonar tudu.